Kiran Suna a Daren Guguwa

Saƙon jami'a ya shigo ana sallame la'asar:
"Hadari ya haɗo daga gabas.
Kowa ya bar ɗakin kwana, a taru a zauren lacca."
Muka yi dariya. Aliero ce fa,
hadari ya saba yi mana kurari ya wuce Jega.

Kafin magariba sabis ya ɗauke,
wuta ta bi sahu.
Baba Kakale maigadi ya daki tsohon wilin mota,
ya bi ɗaki-ɗaki yana faɗa da masu nawa.

Iska ta yaye kwanon ɗakinmu
kamar ɓawon albasa.

A zaure, Malama Tsahara, tocila a hammata,
tana kiran suna daga jiƙaƙƙiyar rajista.
"Na'am."
"Na'am."
"Marwanatu Ɗangaladima?"
Ruwa kaɗai ya amsa.

Ta sake kira. Aka yi tsit.

Can ƙofa ta buɗe:
Baba Kakale sharkaf, takalmi wari ɗaya,
bayansa Marwanatu, rungume da kundin bincikenta
cikin ledar burodi.

Malama ta ja layi, hannunta na rawa,
ta haɗiye abin da ya tokare mata wuya,
ta kira suna na gaba.