Kashi Sittin da Bakwai

A Kutaisi, bene na huɗu, ruwa na dukan taga,
Inna Tsiala ta ajiye kwamfutar a tebur
kamar mai kwantar da yaro mai zazzaɓi.
"Ta Otar ce. Tun rasuwarsa ba ta tashi ba."

Na zuba babbar manhaja a filash,
na soka shi a ramin hagu,
na danna F12 har yatsana ya yi tsami.
Shiru, kamar an shuka dusa.
Ramin dama ma ya ce bai san shi ba.
Na shiga bayos a hankali, na zare sakatar tsaro,
na sa filash a gaban layi, faifai a bayansa.
Sai ga sunansa ya leƙo.

Goma. Talatin.
Inna ta kawo burodi mai cuku, da zafinsa.
Hamsin. Sittin da bakwai.
Nan ya toge.
'Yar da'ira na ta zagaye kamar akuya a turke,
kogin Riyoni na ta wucewa ƙarƙashin gada,
sittin da bakwai ko gezau.

Na zargi faifai, na zargi wuta,
na zargi marigayi da son arha.
Ashe ɓarawon a hannuna yake:
filash ɗin lari biyar da na saya bakin tasha,
goshinsa ya ce giga sittin da huɗu,
cikinsa takwas ne, sauran ƙarya.

Ƙarfe ɗayan dare na ƙwanƙwasa wa Zaza maƙwabci.
Ya miƙo nasa da ido ɗaya a rufe.
Na sake saukewa, na auna fayil, ya cika cif.

Sai allo ya tambaya: a goge faifan duka?
Yatsana ya riga ya sauka rabi
Inna ta riƙe min hannu.
"Muryarsa na ciki. Yana koya wa jikansa yankan inabi."
Na ja da baya. Na yanka faifan biyu,
na ba baƙuwar manhaja ɗan lungu,
na bar wa Otar ɗakinsa.

Sittin da bakwai. Muka riƙe numfashi.
Sittin da takwas.

Da asuba ta nemi sunan mai ita.
"Rubuta Otar," in ji Inna.
Ta dubi taga, ruwan ya ɗauke.
"A'a. Rubuta nawa."