Kwana Huɗu Bayan Shika

Ni mai kiran "Samaru! Kwangila!" tun asuba,
yau ko miyau sai na lallashe shi ya wuce.
Likita ya cire min 'yan wuya,
ya bar garwashi biyu a gurbinsu.

Inna Kulu ta dama koko marar citta,
ta fifita har ya huce.
Ruwan randa, kurɓi-kurɓi.
Ƙwaya kafin zafin ya farka,
don ƙarfe ukun dare yake zuwa
ta kunne, kamar mai bin bashi.

Ƙamshin tsire ya tsallako katanga.
Na juya, na fuskanci bango.

Tanimu direba ya leƙo:
"Wa zai kira fasinja?"
Na rubuta a kwalin magani:
Jibi.
Na goge. Gata.