Mai Ajiyar Riguna

A Lodz, bayan tashar taragon lantarki,
inda jan bulo ya sha hayaƙi har ya ƙoshi,
akwai ƙofar ƙarfe da ba a raɗa mata suna ba.
Wanda ya sani ya sani.
Daren Asabar nakan zauna a bayanta
da lambobi ɗari uku cikin gwangwani,
ni Wiesia, mai ajiyar riguna.

Shekara ashirin da shida na yi a ginin nan
tun yana masaƙa.
Inji arba'in a jere, auduga har cikin gashin ido,
ba ma jin juna, sai dai mu karanci leɓe.
Nan kunnena na hagu ya rasu,
ban binne shi ba, muna tare.
Da aka sayar da injinan a kan sikeli
shiru ya tare a ɗakin, ɗan haya marar biya.

Yanzu ga yara.
Su shigo da dusar ƙanƙara a kafaɗa,
su miƙo mini riga mai nauyin jariri,
in ba su lamba, su gangara ƙasa.
Mirek mai gadi yana liƙe idon kowace waya,
wai abin da dare ya gani, dare ke riƙewa.

Ba na jin kiɗan sosai.
Ƙafar kujerata ke ba ni labari.
Dim, dim, dim, dim,
shayi yana zobe-zobe a kofi,
maratayan riguna suna kaɗa haƙora.

Jagna ke juya faifai daga ƙarfe uku zuwa wayewar gari.
Siririya, kai a aske,
da rana tikiti take sayarwa a tashar jirgi.
Wata Talata ta zo gidana da 'yar na'urar ɗaukar sauti,
ta ce, yaya kukan injin yake?
Na ce ai baki ba ya iya shi.
Na ɗauki cokali biyu na buga mata a gefen tebur:
uku a jere, na huɗu ya makara,
don inji na bakwai gurgu ne, kullum da jan ƙafa.
Ta sha miyar kabeji, ta tafi.
Ni har na manta.

Daren jiya, huɗu da kwata,
kujera ta sauya magana.
Uku a jere, na huɗu ya makara.
Na ajiye kofi.
Na bar riguna ɗari biyu da tamanin ba makiyayi,
na bi matakala ina dafa bango.

Hayaƙi, jar fitila guda, gumi na ɗiga daga rufi.
Ba mai kallon wani.
Inda Danuta ke tsayawa a da
wani dogo ne ke rawa, ido rufe.
Inda bel ya cinye yatsun Halszka
'yan mata biyu sun haɗa goshi suna dariya.
Dukansu suna jan ƙafa a bugu na huɗu,
ba su san gurguntar wa suka gada ba.

Jagna ta hango ni ta cikin hayaƙin.
Ba ta ɗago hannu ba, hannu na kan aiki,
leɓe kawai ta motsa, irin namu na da.
Na karanta: na bakwai.

Ban yi rawa ba, kada a yi mini ƙage.
Gwiwa ba ta ba da izini ba.
Na dai tsaya a gurbina, jikin ginshiƙi na uku,
sai hannuna ya tashi da kansa
yana laluben zaren da ya tsinke.

Da safe suka fito kamar wankakku,
kowa da lambarsa.
Wani yaro ya yar da tasa,
yana ta rantsuwa rigarsa baƙa ce.
Duk baƙaƙe ne, ɗana.
Muka zauna har ta rage ita kaɗai a marataya.

Taragon farko ya zo fayau.
Na jingina kunnen hagu da gilashin taga,
shi da ya shekara da shekaru bai ce uffan ba,
yana ta ƙara har ƙofar gida.