Gyaɗar Gwangwani

Bappah ya sauka Kumo ana yayyafi,
bayan shekara huɗu a ƙasar da ya je karatu.
Na zaci turare zai ciro daga jaka,
ko agogon da ya yi min alkawari.
Sai ga gwangwani, mai nauyi kamar na tumatir,
da hoton gyaɗa a ƙirjinsa.

"Inna, ɗanɗana ki ji.
A kudancin ƙasarsu, da ita ake tinƙaho."

Ni?
Ni da na shekara talatin da ɗaya
ina dafa gyaɗa a bakin tasha,
direbobin Yola sun san muryata
tun kafin su kashe mota?
Gwangwani ai ma'auni ne a wurina,
na madara, wanda bakinsa ya lanƙwashe.
Ban taɓa jin an kulle gyaɗa a ciki ba,
kamar wadda ta yi laifi.

Babu mabuɗi a gidan.
Tumba ta kawo wuƙar yankan kuɓewa,
muka sa taɓarya muka buga.
Ruwa ya tsarto mata a zane,
baƙi-baƙi, kamar an jiƙa kanwa ta kwana.
Yara suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa.

Na tsamo ɗaya.
Ɓawon ya yi laushi, ko ƙara bai yi ba.
Tawa sai ka matsa ta ce ƙas,
wannan kuwa ta buɗe baki shiru
kamar tsohuwar da ta gaji da gardama.
Na ce bismilla.

Gishiri ne ya fara gaishe ni,
ya zauna, ya ƙi tashi.
Bayansa wani yaji da ban san garinsu ba.
Can ƙasa, can ƙarshen harshe,
sai na ji ta:
gyaɗa ce dai,
ta yi nisa, ta sha ruwa, ta koma kamar wake,
amma ba ta manta sunanta ba.

Na ce, yaushe aka dafa wannan?
Bappah ya juya gindin gwangwanin, ya karanta.
Ashe ta girmi jikata Ummita,
wadda yanzu take koyon tafiya.
Tawa in ta kwana ɗaya sai ta yi yauƙi,
in zuba wa awaki ina lissafin asara.

Na buɗe baki zan yi tsiya,
sai ya ce, a hankali, yana kallon tabarma:
"Daren da sanyi ya hana ni barci,
ita nake ɗumamawa a tukunya,
in rufe ido, tururin ya bugi fuskata,
in ce ga Inna nan tana sauke na asuba."

Tsiyar ta maƙale min a wuya.
Na tsamo ta biyu. Na tsamo ta uku.
Tumba ta ce, "A'a, ba ke kika ce..."
Na ce, ban ce komai ba.

Da safe na wanke gwangwanin da toka,
na daddanne bakinsa da dutse kada ya yanki hannu.
Yana nan a gefen faranti.
Ya fi nawa girma, in na auna da shi na karye.
Direbobi suna tambaya, ina cewa ba na ciniki ba ne.

Mutum ɗaya nake auna wa da shi,
kuma sai ya yi tozo.