Zuwa da Komowa

A bakin tafkin Lagdo, gefen masu bandar kifi,
na shimfiɗa buhu, na zube filaya da tef.
Maikano ya jawo jirginsa kan yashi,
fuska a murtuke, ya ce:
"Fitilar nan sabuwa ce fil daga Garwa,
amma haskenta kamar idon mai zazzaɓi.
An cuce ni."

Na ce babu wanda ya cuce ka, kai ka ƙware ta.
Batir na can baya wajen inji,
fitila na nan a goshin jirgi,
mita sha biyu tsakaninsu,
ka haɗa su da waya kamar tsinken tsire,
irin ta rediyon ɗaki.

Wuta ba ta zuwa ta zauna, Maikano.
Sai ta je ta dawo, kamar mai tallan nono:
sha biyu zuwa, sha biyu komowa,
ashirin da huɗu ke nan a ƙafarta.
Bolt sha biyu ta ɗauko daga gida,
kusan uku sun zube a hanya,
sun koma zafi a cikin roba.
Taɓa ka ji.
Ya taɓa, ya janye hannu.

Na ɗauki kara na zana a jiƙaƙƙen yashi:
wat ɗari da ashirin, raba sha biyu,
amfiya goma.
Ga nauyin kaya, ga nisan tafiya,
mai milimita shida ce za ta ɗauka ba nishi.
Kuma mai gashi da yawa, ba mai sanda ɗaya ba,
don kaɗawar ruwa na karya abin da ba ya lanƙwasa.

Ya ce, "Nawa?" Na faɗa.
Ya ce, "Kuɗin man sati guda!"
Ban tanka ba. Na buɗe gidan fis,
sai ga takardar sigari mai ƙyalli
an nannaɗe an cusa, ta yi baƙi a gefe.

Nan na tuna tafin hannun maigidana Hamajoda,
sumul, babu zane ko ɗaya.
Tirelar auduga ce, a hawan Gaundare,
yaron mota ya sa ƙusa inda fis ya ƙone.
Ƙusa ba ta san mutuwa ba,
sai waya ta mutu a madadinta,
ta tafi da kan mota, ta tafi da auduga,
shi ko ya cafki kan batir da hannu tsirara.
Da wannan hannun yake nuna mana:
fis ba don fitila aka yi shi ba,
mai gadin waya ne.
Ya ɗara kaya kaɗan, ya gaza ƙarfin waya,
ya zauna taƙi ɗaya daga batir,
ba can ƙurya ba, inda wuta ta riga ta wuce.

Na sa mai sha biyar, shuɗi.
Na matse bakin waya, na rufe, na shafa giris
saboda laima ba ta barin jan ƙarfe ya huta.
Na ɗaure ta sama, nesa da jarkar fetur.

Maikano ya biya rabi.
Saura, in ji shi, sai ragon ruwa ya shiga koma.
Na miƙa masa fis biyu cikin kwalin ashana,
na ce in ya ƙone kar ka zage shi,
tambaye shi abin da ya gani.

Bayan isha ina wanke hannu da omo
sai haske ya tsaga tafki daga wajen duwatsu,
fari tas, har na hangi kunnen dorina.
Ragon ruwan dai har yau ban gani ba.