Ƙananan Yatsu

A Tilcajete, ran Juma'a motar baƙi ke zuwa.
Kaka Eleuterio ya sassaƙa zomo mai fukafukai
daga icen kopal,
ya miƙa wa Nayeli ta sa masa riga.
Shekararta tara. Da tsinin ƙaya take ɗiga fenti,
shuɗi, ruwan ƙwai, shuɗi,
harshe a waje kamar mai zura zare a allura.

Ba zomon baƙin ke saye ba.
Sai sun tambayi shekarunta,
sun ɗauki hoton yatsunta,
kana su zaro peso ɗari takwas, ba tayi, ba ragi.

Ni ma na ɗumama wannan kujerar.
Da na kai sha uku murya ta buɗe,
gashin baki ya leƙo,
hannuna ya ƙara kyau, kuɗinsa ya faɗi da rabi.
Yanzu ni ke goge ice a bayan gida,
inda kyamara ba ta zagayawa.

Kafin ka ce an cuce ta, ɗaga kai ka ga rufin.
Kwanon nan da ruwa ke duka bai shigo ba,
zomaye arba'in ne.
Allurar ciwon sugan Inna Crescencia,
ƙadangaru biyu duk wata.
Gilashin da ke kan hancin Nayeli ma
ita ta saya wa kanta,
ko da yake likitan Oaxaca ya ce
ɗigon ne ya ci idon.

Malamarsu ta zo sau biyu da rajista a hammata.
Inna ta ba ta koko mai zafi,
ta nuna mata gwangwanin da ake tara na makarantar gaba.
Gwangwanin na nan. Na girgiza shi.
Akwai ƙara, amma ba da yawa ba.

Daren jiya na tarar da ita bayan murhu
da guntun icen da Kaka ya yar.
Baƙi kawai ta shafa masa, ko ɗigo ɗaya babu.
Na ce, mene ne?
Ta ce, kare ne, barci yake.
Na ce, wannan ba mai saye.
Ta ce, na sani,
ta cusa shi ƙarƙashin katifa.

Da safe mota ta danna ham a bakin coci.
Ta wanke hannu,
Inna ta ce a'a, bar fentin a jiki,
sun fi so su gani.