Dala Mai Tagwaye

A ofishin da ke bayan coci, nan Greensboro,
inda ake jin ƙanshin kofi da tsohuwar takarda,
matar ta ce: "Ki ajiye ɗaya, mu ɗora ɗaya."
Na sa Lawali ya sake fassara mini.
Ya sake. Haka ɗin dai ne.
Na ce, tambaye ta me za ta ci a ciki.
Ni da na girma a kasuwar Maraɗi
na san ruwa ba ya tsami banza.

Delores sunanta. Ta yi dariya har tabarau ya zame mata.
Sharaɗi guda, in ji ta: kuɗin na karatu ne,
ba na haya ba, ba na biki ba.

Ban sa hannu ba a ranar.
Sai da na tare Malam Ɗan'azumi bayan Juma'a,
yana neman takalminsa cikin takalman jama'a.
Na ce, Malam, ba kuɗin ruwa ba ne?
Ya ce, "Bashi kika ba su?"
Na ce a'a.
Ya ce, "Wanda ya taya ki ɗora tulu a ka
ai bai sha miki ruwa ba."

Dala arba'in a wata.
Daga zannuwan gadon otal na fitar da ita,
ina ninkewa har yatsuna suka manta zanensu.
Daga kitson Asabar,
kan 'ya'yan mutane tsakanin gwiwoyina.
Daga naman da miya ta koyi haƙuri da rashinsa.

Adashi na sani, na yi shi tun ina budurwa:
abin da ka zuba shi kake kwasa.
Wannan kuwa akuya ce a garken wani,
kana barci tana haihuwa.

A watan Fabrairu mota ta mutu a titin Wendover.
Makanike ya leƙa cikinta ya ce ɗari shida.
Na je wurin Delores da mayafina jiƙe.
Ta ce, "Naki naki ne, kina iya cira,
sai dai tagwayen ba za su bi ki ba."
Na daɗe ina kallon alƙalamin.
Mako goma sha ɗaya na yi ina jiran bas
ta ƙarfe biyar saura kwata,
sanyi na cizon kunnena kamar na ci bashinsa.

Abin da ya fi sanyin zafi:
yayana ya kira daga gida,
damina ta cinye masa katanga.
Na ce babu.
Akwai, kuma babu.
Har yau in na tuna, sai tuwo ya tsaya mini a wuya.

Shekara biyu.
Ɗari tara da sittin ta zama dubu ɗaya da ɗari tara da ashirin.
Ko ƙwandala ban riƙe a hannu ba,
daga asusu sai kwaleji,
kamar saƙon da ya san hanya.

Yanzu Lawali na koyon gyaran na'urar ɗumama gida.
Yana dawowa da baƙin mai a farce,
yana gaya mini sunayen wayoyi kamar sunayen abokai.
Ranar da tamu ta yi tari ta mutu,
shi ya durƙusa gabanta har ta yi numfashi.

Jiya ya ajiye takarda kusa da farantina.
Na gane tambarin. Na gane layin sa hannu.
A gurbin ɗalibi an rubuta: Zuwaira.
Na ce, kai, ni da furfura?
Ya ce, "Ajin dare ne, Inna. Ashirin a wata, ni zan zuba."

Ban sa hannu ba tukuna.
Amma na ɗauke ta daga kusa da miya,
kada ta ɓaci.